Farin Haske Ba Tare da Guba Ba: Tambayoyi da Amsoshi Kan Kayan da Ake Haɗa Ƙwan LED da Su

Ɗaliban kimiyya, masu haɗa sola da masu sayar da kayan wuta sun sha maimaita waɗannan tambayoyi, musamman tun da aka fara jin labarin sababbin sinadarai da ake cewa za su maye gurbin na yanzu a cikin ƙwan fitila. An faro daga masu sauƙi zuwa masu zurfi.

Ta yaya ƙwan LED yake ba da farin haske?

A gaskiya ba farin haske yake fitarwa daga tushe ba. Ɗauki tocila ko fitilar waya a kashe, ka duba idonta da kyau: za ka ga wani ɗan ɗigo ruwan ɗorawa. A ƙarƙashin wannan ɗigon akwai wata 'yar ƙwaya ta sinadarin galiyam naitiraid, wadda in wuta ta ratsa ta sai ta fitar da shuɗin haske zalla. Ɗigon da ka gani hoda ce da aka kwaɓa da wani irin danƙo aka shafe ƙwayar da ita, ana kiranta fosfo. Hodar tana shanye wani sashe na shuɗin hasken ta mayar da shi rawaya, sauran shuɗin ya wuce ta cikinta. Haɗuwar shuɗi da rawaya ita ido ke gani fari.

Jan LED ya daɗe, tun 1962 Nick Holonyak ya yi shi a Amurka. Shuɗin ne ya gagari masana kusan shekara talatin, sai da Isamu Akasaki da Hiroshi Amano na Jami'ar Nagoya, da Shuji Nakamura na kamfanin Nichia, suka ci nasara a Japan. Nichia ta fitar da shuɗin LED mai haske sosai a 1993, ta fitar da farin a 1996. Mutanen uku sun karɓi kyautar Nobel ta fiziks a 2014. Hodar da aka fara da ita a 1996, wadda ake kira YAG, har gobe ita da danginta ne ke cikin mafi yawan ƙwayayen da ke kasuwa.

Wutar da yake ragewa ta kai yadda ake faɗa kuwa?

Ta kai. Tsohon ƙwai mai zare na wat 60 yana ba da haske kimanin lumen 800 (lumen ma'aunin yawan haske ne), kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na wutar da yake ci zafi take zama. LED yana ba da wannan hasken da wat 8 zuwa 10. Tsohon ƙwan kan yi awa 1,000, LED mai kyau ana yi masa alƙawarin awa 15,000 zuwa 25,000. Ga mai gidan da ke kan ƙaramar sola da batiri ɗaya, wannan bambanci shi ne tsakanin ɗaki ɗaya mai haske da gida gaba ɗaya mai haske har asuba. Hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi kiyasin cewa haskaka wurare na cin kusan kashi 15 cikin 100 na lantarkin duniya, don haka maganar ba ƙarama ba ce.

To tunda ya riga ya rage cin wuta, me kuma ake nema a gyara?

Abin da ke cikin hodar. YAG haɗi ne na itiriyam, alminiyam da ɗan seriyam. Jar hodar da ake ƙarawa don hasken ya yi ɗumi kuwa yawanci yurofiyam ke cikinta. Itiriyam, seriyam da yurofiyam duk suna cikin rukunin ma'adanai 17 da ake kira masu wuyar samu. Wahalarsu tana wajen tacewa, domin a cakuɗe suke fitowa daga ƙasa, kuma raba su yana cin asid mai yawa, ya bar gurɓataccen ruwa da tarin dusa da kan ƙunshi toriyam mai fitar da tururin nukiliya. Wanda ya san tsofaffin ramukan haƙar kuza a Filato ya san irin wannan dusar, domin yashin monazait da ke cikinta yana ɗauke da waɗannan ma'adanai tare da toriyam ɗin.

Mafi girman mahaƙar su a duniya ita ce Bayan Obo a yankin Mongoliya ta Ciki a ƙasar Sin, kuma a kusa da birnin Baotou akwai wani katafaren tafkin laka da aka daɗe ana zuba ragowar tacewa a ciki. A lardin Jiangxi da jihar Kachin ta Myanmar kuwa, ruwan sinadari ake ɗura wa tsaunuka ta ramuka don ya wanko ma'adanin, ragowar ta gangara rafuka. Sin ce ke tace kusan kashi 90 cikin 100 na abin da duniya ke amfani da shi. Da ta rage fitarwa a 2010, farashi ya yi tashin gwauron zabo a 2011. A 2023 ta sa takunkumin lasisi kan fitar da galiyam, a Afrilun 2025 kuma kan wasu guda bakwai daga cikin 17 ɗin, har da itiriyam. Saboda haka masu bincike dalili biyu ke tura su: ɓarnar muhalli, da tsoron dogaro da ƙofa ɗaya.

Adalci dai a faɗi cewa hodar da ke cikin ƙwan LED ɗaya 'yar mitsitsiya ce. Dogon ƙwai, wanda aka shafe cikinsa kaf da hoda, ya fi shi cin waɗannan ma'adanai nesa ba kusa ba. Komawa LED da kanta ta rage buƙatar yurofiyam da tabiyam, wanda shi ma yana cikin 17 ɗin. Sai dai ƙwayayen da ake ƙerawa biliyoyi ne a kowace shekara, kuma kusan ba a dawo da komai daga hodar in sun mutu.

Akwai zaiba a cikin LED kamar yadda ake cewa akwai a dogon ƙwai?

Babu. Zaiba, wato makuri, tana cikin dogon ƙwai da ɗan'uwansa murɗaɗɗen nan da aka yi yayinsa da sunan mai tsimin wuta. Kowanne yana ɗauke da 'yan miligiram na zaiba, domin tururinta ne ke fitar da hasken da hodar bangon gilashin ke mayarwa fari. Zaiba tana lalata ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, ta fi yi wa jarirai da masu ciki illa. Sunan yarjejeniyar duniya da ke yaƙi da ita, Minamata, sunan garin Japan ne inda aka gano cutar a 1956, bayan wata masana'anta ta daɗe tana zuba zaiba a tekun da mutane ke kamun kifi.

An amince da yarjejeniyar a 2013, ta fara aiki a 2017, kuma Najeriya da Nijar duk suna cikinta. Abin alfahari ne cewa ƙasashen Afirka ne suka gabatar da buƙatar a daina ƙera irin waɗannan ƙwayaye. A taron Bali na 2022 aka sa wa murɗaɗɗen ƙwai wa'adin 2025, a taron Janiba na 2023 aka sa wa sauran dogayen ƙwayaye wa'adin da bai wuce 2027 ba. Dalilin Afirka a fili yake: in ƙasashe masu arziki suka hana kaya a gida, ragowar nan ake jibgowa. Yadda za a yi da wanda ya fashe yana cikin amsar ƙarshe.

Me ya sa atamfa ko tumatir kan sauya kala a ƙarƙashin wasu ƙwayayen?

Saboda farin da shuɗi da rawaya suka haɗa ba shi da isasshen ja. Ido yana ganinsa fari in ya kalli ƙwan, amma jan abu ba zai nuna ja ba sai in akwai ja a cikin hasken da ya sauka a kansa. Shi ya sa mai saye a Kantin Kwari kan ɗauki turmin atamfa ya fito bakin rumfa ya buɗe ta a rana kafin ya yi ciniki, domin a ciki jan ya koma kamar ruwan ƙasa, ruwan goro kuma ya dushe. Haka mai nama da mai gwari, haka tela da ke neman zaren da ya dace. Ga ma'aikacin jinya da ke duba fatar jariri ko idon majinyaci da dare, lamarin ya wuce batun ado.

Ana auna wannan da ma'aunin CRI, wanda ƙarshensa 100 ne. Ƙwai mai 70 yana ɓata kala, mai 80 ya wadatar a gida, mai 90 zuwa sama shi ake so a shagon yadi da asibiti. Don a ɗaga lambar sai an ƙara jar hoda, kuma a nan gizo ke saƙar. Jar hodar yurofiyam da aka saba da ita tana zubar da wani sashe na haskenta can gefen da ido ba ya gani sosai, sai wuta ta tafi a banza. Kenan kyawun kala yana zuwa da ƙarin cin wuta da ƙarin ma'adani mai wuya. Yawancin binciken da za a ambata a ƙasa kan jan nan ya fi karkata.

Akwai hodar da ba ta buƙatar waɗannan ma'adanai da ta riga ta shiga kasuwa?

Akwai guda ɗaya fitacciya, ana kiranta KSF. Haɗin fotasiyam ne da silikon da fulorin, da ɗan manganis a matsayin mai ba da hasken. Kamfanin General Electric ne ya kai ta kasuwa, kuma yau tana cikin allon wayoyi da talabijin masu yawa, da wasu ƙwayayen haske. Janta tsantsa ne a daidai inda ido ke gani da kyau, don haka tana gyara kala ba tare da asarar da aka ambata a amsar da ta gabata ba. Manganis kuwa yana da yawa a duniya, Afirka ta Kudu da Gabon da Ghana duk suna haƙarsa.

Amma a san iyakarta. Ja kawai take bayarwa, har yanzu sai an haɗa ta da koriya ko rawayar hoda mai seriyam. Ba ta son danshi, sai an lulluɓe ƙwayoyinta. Kuma hanyar da aka saba haɗa ta ita ce cikin asid ɗin haidirofulorik, wanda yake ratsa fata ya ci ƙashi, saboda haka akwai masu neman hanyar haɗa ta ba tare da shi ba. A gefen rawaya da kore kuma, ƙungiyar Farfesa Jing Li ta Jami'ar Rutgers a Amurka ta daɗe tana aiki kan hodar jan ƙarfe da ayodin, a Japan ma an nuna wasu haɗe-haɗen jan ƙarfe masu ba da shuɗi mai ƙarfi. Waɗannan suna matakin gwaji ne.

Mene ne ɗigon kwantam, kuma shi lafiyayye ne?

Ƙwayoyi ne ƙanana ainun, faɗin kowanne 'yan nanomita ne, wato dubbansu za su jeru a kaurin gashi ɗaya. Abin mamakinsu shi ne girmansu ke yanke kalar da za su fitar: ƙanana shuɗi ko kore, manya ja. Mai haɗawa zai iya zaɓar kalar da yake so daidai wa daida. Moungi Bawendi, Louis Brus da Alexei Ekimov sun sami kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2023 a kan wannan aiki.

Mafi kyawun aiki a cikinsu na kadmiyam ne, shi kuwa guba ne da ke taruwa a ƙoda, yana kuma jawo ciwon daji. Dokar Tarayyar Turai ta RoHS, wadda ta fara aiki a 2006, ta ƙayyade kadmiyam a kashi 0.01 cikin 100 na nauyin abu, dalma kuma kashi 0.1. Wannan doka ce ta tura kamfanoni zuwa ɗigon indiyam fosfaid, wanda Samsung ke sawa a talabijin ɗinta. Ya fi sauƙin guba, sai dai indiyam ɗin ma ƙaranci gare shi, a gefen tace tutiya ake tsintarsa.

Ana ta maganar farobskait. Shi ne mafita?

Farobskait wani tsarin lu'ulu'u ne da ake iya haɗawa cikin ruwan sinadari da zafi kaɗan, alhali YAG sai an gasa ta a tanderun da ya haura digiri 1,500. Yana ba da kala tsantsa, ga araha. Matsalarsa ita ce waɗanda suka fi haske dalma ke cikinsu, kuma irin dalmar da ke narkewa a ruwa. Mu ba ma buƙatar a yi mana bayanin dalma. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, aƙalla yara 400 suka rasu saboda ƙurar dutsen zinariya mai dalma da ake dakawa a cikin gidaje. A ƙasar da mataccen ƙwai kan ƙare a bola ko a hannun yaro yana wasa, fidda zaiba a shigo da dalma gudun gara ne a faɗa gidan zago.

Shi ya sa aikin da ya fi jan hankalina shi ne na marasa dalma. A 2018 ƙungiyar Jiang Tang ta Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Huazhong da ke Wuhan ta wallafa sakamakon wani farobskait na sisiyam, azurfa, sodiyam, indiyam da kulorin, da ɗan bismut. Hoda ɗaya ce tak mai ba da farin haske mai ɗumi, ba sai an gauraya kala biyu ko uku ba. Ta mayar da kusan kashi 86 cikin 100 na hasken da ta shanye, ta kuma yi aiki fiye da awa 1,000. Nasara ce ta gaske. Duk da haka azurfa da indiyam ba kayan araha ba ne, hodar kuma ba shuɗin LED na yau da kullum take so ba, sai mai hasken da ya wuce shunayya, wanda bai kai shuɗin tsimin wuta ba.

Da gaske ne an yi fitila da ɓuntun shinkafa?

Da gaske ne, amma a ɗakin gwaji. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na ɓuntu silika ne. A 2022 ƙungiyar Ken-ichi Saitow ta Jami'ar Hiroshima ta ƙone ɓuntu, ta tace silikar, ta mayar da ita silikon, ta ƙanƙantar da shi zuwa ɗigo mai faɗin kimanin nanomita 3, ta yi LED mai haske tsakanin ruwan goro da ja. Akwai kuma ɗigon kabon, da aka fara ganowa a 2004, wanda ake iya dafawa daga sukari, ɓawon 'ya'yan itace da sauran tarkacen gona. Silikon da kabon ba su da gubar kadmiyam ko dalma.

Duk wanda ya ga tsibin ɓuntu yana hayaƙi a bayan injinan casar shinkafa a Kura ko Argungu zai ji daɗin wannan labari, kuma fage ne da jami'o'inmu za su iya shiga ba tare da na'urori masu tsadar gaske ba. Sai dai haskensu bai kai na YAG ba tukuna. Ɗigon kabon yana haske da kyau a cikin ruwa, amma in ya bushe ya dunƙule sai ya dushe. Tace silikon ɗin ma yana cin zafi da sinadarai masu ƙarfi. Fitowar abu daga gona ba ta isa shaida cewa haɗa shi bai ɓata muhalli ba.

Me ya hana waɗannan sababbin kaya shigowa kasuwa?

Juriya. Hodar da ke kan ƙwayar LED tana zaune ne a zafin da kan kai digiri 100, shuɗin haske mai ƙarfi yana dukanta ba hutu, ga danshin iska. YAG kamar dutse take, tana ɗaukar wannan shekara da shekaru. Gwajin da masana'antu suka yarda da shi yana buƙatar aƙalla awa 6,000 ana kunne da ƙwayar, a kuma yi lissafin lokacin da haskenta zai ragu zuwa kashi 70 cikin 100. Awa 1,000 da aka ambata a amsar farobskait abin yabo ne a bincike, amma tsawon ran tsohon ƙwai mai zare ke nan.

Ga ma'aunin da nake ganin ya kamata a riƙa ɗora kowane sabon labari a kai. Nazarin da ma'aikatar makamashi ta Amurka ta yi a 2012 ya nuna kusan kashi 90 cikin 100 na makamashin da ƙwai ke ci a duk rayuwarsa a lokacin da yake kunne ne, ƙerawa da jigila kaɗan suka ɗauka. Kenan hodar da ba ta da guba amma ta sa ƙwai ya ƙara cin wuta da kashi 20, ko ya mutu a rabin lokaci, ta ƙara wa muhalli nauyi ne, musamman inda wutar daga janareta take fitowa. Sabon sinadari sai ya cika sharaɗi huɗu a lokaci guda: ba guba, kayan haɗinsa na samuwa, haskensa ya kai na yanzu, ya kuma jure. Wanda ya cika biyu ko uku suna da yawa. Mai cika huɗun ne ake nema.

Ba za a iya barin hodar gaba ɗaya ba?

Ana iya haɗa ja, kore da shuɗin LED su ba da fari kai tsaye, a kauce wa asarar kusan kashi ɗaya cikin biyar da ake yi duk lokacin da hoda ta sauya shuɗi zuwa wata kala. Cikas ɗin shi ne koren LED da rawaya har yanzu ba su kai shuɗi tsimin wuta ba, jan kuma yana raguwa in ya yi zafi, sai farin ya karkace. OLED kuwa, mai amfani da sinadaran kabon, ya yi nasara a allon waya, amma a haskaka ɗaki tsada ta hana shi, kuma mafi kyawunsa iridiyam yake buƙata, wani ƙarfe mai tsada. Chihaya Adachi na Jami'ar Kyushu ya nuna hanyar yi ba tare da wannan ƙarfe ba a 2012, ana ci gaba da bibiyarta.

An ce LED yana shekaru, me ya sa namu ke mutuwa cikin watanni?

Yawanci ba hodar ba ce, ba kuma ƙwayar ba ce ta fara gazawa. Buɗe murfin mataccen ƙwai ka gani. Sau da yawa za ka tarar da ɗaya daga cikin ɗigogin rawayan nan yana da baƙin tabo a tsakiya, ya ƙone, kuma da yake a jere aka ɗaura su, mutuwar ɗaya ta kashe duka. Ko ka tarar da kafasito, ɗan gwangwanin nan da ke kan allon ciki, ya kumbura. Ƙa'idar da masu ƙira ke bi ita ce duk ƙarin zafi na digiri 10 yana raba ran irin wannan kafasito biyu. Ka haɗa da zafin watan Afrilu a Sakkwato ko Yamai, da ɗakin kwano mara silin, da wutar da ke hawa da sauka. Ƙwai mai araha an rage masa alminiyam mai kwashe zafi, an kuma matsa wa 'yan ƙwayoyi kaɗan su ba da hasken da ya fi ƙarfinsu.

Masu gyara kan haɗe gurbin ɗigon da ya ƙone da dalmar lanƙaya ƙwan ya tashi, kuma hakan ya fi jefarwa, ko da yake sauran ɗigogin kan biyo baya. A yanayinmu, ƙwan da aka ƙera ya jure zafi kuma ya buɗu a gyara shi ya fi amfanar muhalli a yau fiye da kowace sabuwar hoda.

Me zan duba wajen saye, kuma yaya zan yi da wanda ya mutu?

Duba lumen, kada ka tsaya kan wat. Raba lumen da wat, in ya kai 100 ko fiye, ƙwan yana da tsimi. Duba CRI kamar yadda aka yi bayani a amsar sauya kala. Duba kelbin, ma'aunin kalar hasken: 2,700 zuwa 3,000 haske ne mai ɗumi da ya dace da ɗakin kwana, 4,000 tsaka-tsaki, 6,500 kuwa farin nan ne mai shuɗi-shuɗi da ya cika kasuwanninmu, yana da kyau a wurin aiki amma yawansa da dare kan jinkirta barci. Ɗaga ƙwan a hannu, wanda ba shi da nauyi ko kaɗan da wuya a ce yana da isasshen alminiyam. Kada a kulle shi cikin murfin da iska ba ta shiga.

In dogon ƙwai ko murɗaɗɗe ya fashe, a fitar da yara da masu ciki, a buɗe tagogi a bar ɗakin kamar minti 10, a kashe fanka. A kwashe gilashin da kwali, a ɗauke ƙananan da salatif da jiƙaƙƙen tsumma, a zuba duka a kwalba mai murfi. Kada a share da tsintsiyar ɗaki, kada a ƙona. Mataccen LED ba shi da zaiba, amma allonsa na iya ƙunsar dalmar lanƙaya, kuma robarsa in an ƙona hayaƙinta cuta ne. A fara kai wa mai gyara. In ya gagara, a tara su wuri guda nesa da yara, a ba masu sayen kayan wuta da suka lalace, tare da roƙon su ɓalle alminiyam ɗin da hannu maimakon su babbaka shi.